Darasi na Tara: Zafin Bazara da Lafiyar Ragon Barbara

A unguwar Tudun Wada ta birnin Sakkwato, da wuya a shiga gida uku a jere ba a tarar da tunkiya ko akuya a turke ba. Idan tunkiya ta yi watanni ba ta ɗauki ciki ba, hukuncin da akan yanke mata guda ne: juya ce, sai kasuwa. Ba kasafai ake tuhumar rago ba, tunda ga shi yana ci yana sha, yana kuma hawa. Amma sau da yawa matsalar tana gare shi, musamman bayan wucewar bazara.

Zafin jikin rago lafiyayye yakan kai kimanin digiri 39 a ma'aunin Salshiyos, alhali ƙwayoyin maniyyi ba sa ginuwa da kyau sai 'ya'yan maraina sun fi sauran jiki sanyi da digiri kaɗan. Wannan ne dalilin da ya sa suke rataye a waje. Idan rana ta take, jakar takan saki ta yi ƙasa don ta sha iska. Idan hunturu ya kama, sai ta tsuke. To, a Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, watau iskar da ake so ta sanyaya maraina ta fi jikin dabbar zafi. Balle a ce an ɗaure ragon ƙarƙashin rumfar kwano. A nan ƙwayoyin kan ragu, wasu su mutu, wasu su fito da naƙasa.

Abin da ke ruɗa mai kiwo shi ne jinkirin da lamarin ke yi. Ginuwar ƙwayar maniyyin rago tana ɗaukar kusan mako 7, ban da kwanakin da take yi tana nuna kafin ta fita. Saboda haka ragon da zafi ya gasa a Mayu zai iya kaiwa Yuli bai farfaɗo ba, lokacin da ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, kowa ya manta da bazara. Zazzaɓi mai tsanani ma haka yake yi masa. A ƙasashen da ake kiwon aladu an ga irin wannan ga mazansu, har ma abin ya fi muni, domin alade ba ya iya sanyaya jikinsa da gumi.

Uda da Balami da 'Yankasa duk sun saba da zafi, amma sabo yana da iyaka, musamman idan ƙiba ta shigo. Ragon layya da aka ɗura wa dusa da harawa yakan tara kitse a wuyan maraina, kitsen kuwa ya riƙe zafi kamar bargo. Kyan gani ke nan ya zama cikas.

Ragon barbara yana bukatar inuwar bishiya ko rumfar zana, da ruwan sha a kowane lokaci. Ya kamata kuma a riƙa shafa marainansa: kumburi, ko tauri, ko ɗaya ya fi ɗaya girma sosai, na iya zama alamar cuta irin su bakkale, wadda ke sa ɓari, take kuma kama mutane. Irin wannan rago sai a ware shi, a kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a auna shi kafin a sake haɗa shi da tumaki.

Aiki: Ɗalibi ya bayyana ma'anar juya da barbara da turke, sannan ya kawo yadda ake faɗin kowace a karin harshen garinsu.