NOMA BA ƘASA: SHUKA GANYE CIKIN RUWA A TSAKAR GIDA

Ƙasar da ta shimfiɗu daga 'Yankuzo da Tsafe, ta bi ta Kwatarkwashi da Gusau har Bunguɗu, ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Sai dai daminarta ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa ɗanyen ganye sai daga fadama ko lambu. A shekarun nan kuma wata matsalar ta ƙaru a kan wannan: fitinar 'yan bindiga ta hana manoma da yawa isa gonakinsu na nesa, ta kuma kori iyalai daga ƙauyukansu zuwa cikin Tsafe da Gusau, inda ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. In aka shiga irin wannan hali, ɗanyen ganye ne ke fara ɓacewa daga tukunya, a koma ga busasshiyar kuka da kuɓewa. Ganyen nan kuwa shi ke ba yara da mata masu ciki kaso mai yawa na bitamin A da C da sinadarin ƙarfe. Darasinmu na wannan fitowa zai duba wata hanya ta samun ganye ba tare da gona ba, wato haidiroponik, ko noman ruwa.

Me tsiro ke nema a cikin ƙasa?

Tsiro ba ya cin ƙasa. A shekarar 1699 wani masani a Ingila, John Woodward, ya shuka na'ana'a a cikin ruwa iri-iri: ruwan sama, ruwan kogi, da ruwan da ya jiƙa ƙasar lambu a ciki. Wadda ke cikin ruwa mai ƙasa ita ta fi girma. Ashe abin da ke narkewa daga ƙasa ya shiga ruwa shi saiwa ke sha. Wajen 1860 wasu Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka gano gishirin sinadaran da za a narka a ruwa tsiro ya rayu har ya yi 'ya'ya. Daga baya William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya fitar da abin daga ɗakin gwaji zuwa noma, ya kuma yaɗa sunan haidiroponik a 1937.

Yau an san sinadarai 17 ne tsiro ba ya rayuwa sai da su. Uku, wato kabon da haidirojin da oksijin, daga iska da ruwa suke zuwa. Shida ana bukatarsu da yawa: naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, maganiziyam da salfa. Sauran takwas, irin su ƙarfe da zinki da tagulla, ɗan kaɗan ne, amma rashin ɗaya daga cikinsu ya isa ya nakasa tsiro. Ƙasa dai ma'aji ce ta waɗannan, kuma madogara ce ga saiwa. In aka samar da su ta wata hanya, bukatar ƙasa ta kau. A Nijeriya ma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yaɗa irin doya da na rogo ba tare da ƙasa ba.

Jariran ganye

Mu fara da mafi sauƙi, wanda ba ya bukatar taki ko kaɗan. Jaririn ganye shi ne tsiron da aka yanke yana da kwana 7 zuwa 14, bayan kunnuwansa biyu na farko sun buɗe. A wannan tsakanin abincin da ke cikin ƙwayar iri ya ishe shi. Ruwa mai tsabta da haske kawai yake nema. Turawa na sayen irin wannan ganye da tsada a manyan gidajen abinci, amma ga Bahaushe ba baƙon abu ba ne, domin lansir da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli yana ɗanye shataf ɗan'uwansa ne na kusa. Wani bincike da Jami'ar Maryland da Ma'aikatar Gona ta Amurka suka buga a 2012 a kan iri 25 ya nuna cewa, in an auna nauyi da nauyi, jariran ganye kan ninka manyansu sau 4 zuwa 40 a wasu bitamin. A lura dai, nauyi da nauyi aka ce, kuma ba wanda ke cin kwano guda na jariran ganye a zama ɗaya.

A samu faranti mai faɗi, a huda gindinsa, a ɗora shi cikin wani farantin da ba a huda ba. A shimfiɗa yankin buhun algarara da aka wanke aka tafasa, ko buntun shinkafa, ko yashi wankakke. A barbaɗa iri ya rufe fuskar farantin ba tare da ya hau kan juna ba, a yayyafa ruwa, a rufe kwana biyu zuwa uku. Da ya tsiro sai a buɗe a kai shi wurin haske, a riƙa zuba ruwa a farantin ƙasa, don jiƙa ganyen daga sama kan jawo fumfuna, musamman da damina. Lansir da alayyafo da hulba da yakuwa da kabeji duk suna yi. Hulba ana jiƙa ta ta kwana kafin a shuka. Lansir kuwa ba a jiƙa shi, domin yauƙi yake yi ya dunƙule. A yanke da almakashi daga saman buhun, a bar saiwar, a wanke da ruwa mai tsabta.

Akwai hatsari guda uku da ya wajaba mai karatu ya kiyaye. Irin da aka yi wa magani don shuka a gona, wanda ake gane shi da jan launi ko shuɗi, guba ne a nan, domin kwana goma ba su isa maganin ya gushe ba. Sa'an nan ba kowane tsiro ake ci yana jariri ba. Tsiron dawa na ɗauke da sinadarin durin wanda ke rikiɗewa ya zama gubar sayanaid, kuma shi ne dalilin da makiyaya ke hana shanu cin ƙaramar dawa. Tsiron tumatir da na barkono su ma a bar su. Na uku, tsabtar iri da ruwa. A 2011 fiye da mutum 50 suka mutu, galibinsu a Jamus, sakamakon ƙwayar cutar da aka bi sawunta har zuwa tsiron hulba da aka ci ɗanye. Ga ƙananan yara da masu ciki da tsofaffi, a jefa ganyen cikin miya ya ɗan sha zafi kafin a sauke.

Na'ana'a, ɗoɗɗoya da latas a cikin jarka

Tsiron da zai yi makonni yana bukatar taki, kuma saiwarsa na bukatar numfashi. Manyan gonakin ruwa na amfani da famfo da lantarki, abin da ba za a dogara da shi ba a 'Yankuzo. Hanyar da ta dace da mu ita ce ta Bernard Kratky na Jami'ar Hawai, wadda ba ta son famfo. A samu jarka ko bokiti mai murfi, a huda murfin, a zura ƙaramin kofin roba mai huji-huji da aka cika da tsakuwa ko gawayi wankakke, a dasa tsiron a ciki. A cika ruwan taki har ya taɓa gindin kofin. Yayin da tsiro ke sha, ruwan na sauka, sai a samu sarari mai laima tsakanin murfi da ruwa. Saiwoyin da ke cikin sararin nan su ke shaƙar iska, na ƙasa kuma su sha ruwa. Saboda haka in za a ƙara ruwa kada a mayar da shi baki, domin saiwoyin iskar za su nutse, tsiron ya yi yaushi alhali yana tsakiyar ruwa. Kan latas guda kan sha lita 4 zuwa 6 cikin kimanin mako biyar. Na'ana'a da ɗoɗɗoya ba sa ma bukatar iri: reshe ake yankowa a tsoma a ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu ya fitar da saiwa.

Wurin da masu farawa suka fi tuntuɓe shi ne taki. Takin zamani na buhu, NPK 15-15-15, don ƙasa aka yi shi. Ba ya narkewa duka, kuma ba shi da isasshen kalsiyam da maganiziyam da ƙananan sinadarai. Yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin tsiro ya amfana sosai. Wani haɗi da masu noman ruwa suka saba da shi, ga lita 20, shi ne giram 12 na taki mai narkewa mai lamba 4-18-38, giram 6 na gishirin maganiziyam salfet, da giram 12 na kalsiyam naitiret. A narka kowanne daban, a zuba kalsiyam daga ƙarshe. In aka gauraya su da kauri, farin alli ne zai kwanta a gindi, tsiro ya rasa. Waɗannan kaya ba a kowane shago ake samunsu ba, kuma a ganina ya fi kyau gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayo tare a raba. Ma'aunin tsami na ruwan, wato pH, ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa kan hana tsiro shan ƙarfe, sai a ga sabon ganye ya fito rawaya. Ruwan sama da aka tara ya fi. Kuma bayan abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, kada a ɗebo ruwa ko yashi daga inda ake wanke zinariya, kada kuma a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi.

Mutanen Turai sanyi ne ya shigar da su ɗaki da shukarsu. Mu zafi da awaki da kaji muke gudu. Ɗakunanmu masu ƙananan tagogi ba su da isasshen haske, don haka wurin da ya dace shi ne rumfa ko baranda da ke samun hantsi awa huɗu zuwa shida, a kan benci, a kewaye da tsohon gidan sauro. Da bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Gusau, ruwan jarka na ɗumama. Litar ruwa mai digiri 20 na riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5, ga shi saiwa ta fi bukatar iska a cikin zafi, sai ruɓa ta biyo baya. Maganin wannan na cikin dabarar marigayi Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa, wanda ya ci lambar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a zaunar da jarkar cikin randa, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan da ke tsanewa ta jikin randar ya tafi da zafin. A rufe jarkar ruf, kada haske ya shiga gansakuka ta fito, kada kuma sauro ya samu wurin ƙwai a tsakar gida.

Noman ruwa ba zai ba da gero ko dawa ba, kuma wanda ya ce zai maye gurbin gonar da aka hana mutum shiga bai faɗi gaskiya ba. Abin da zai bayar shi ne ganyen miya da na shayi da na kwaɗo, da ɗan abin sayarwa ga matar da sana'arta ta cikin gida ce. Ɗalibin da ke son ya gani da idonsa ya samu kwalabe uku, ya naɗe su da baƙar leda, ya sa reshen na'ana'a mai tsawo ɗaya a kowace: ta farko ruwan sama zalla, ta biyu ruwan takin NPK, ta uku cikakken haɗin da muka bayyana. Ya riƙa auna tsawo da ƙidaya ganye kowace Juma'a har mako huɗu, ya kuma rubuta launin tsofaffin ganye da na sababbi daban-daban.