Mikin kwanciya: yadda ake gane shi da yadda ake jinyarsa

Mutumin da ciwo ya kwantar, kamar tsoho ko wanda rabin jikinsa ya shanye, ba ya iya juyawa da kansa. In ya daɗe kwance ta gefe guda, ƙashi yana danne fata, jini ya kasa zuwa wurin. Sai naman wurin ya mutu, miki ya buɗe. Wannan yana iya farawa cikin yini guda.

Mikin ya fi fitowa a gindin baya, da ƙugu, da diddige, da kafaɗa, da ƙeya. Mai jinya ya duba waɗannan wurare kullum da safe, cikin haske. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Don haka sai a taɓa. In wurin ya fi sauran jiki zafi ko tauri, ko ya ƙara duhu yana ƙyalli, to miki yana tafe. Kada a murza wurin, murza tana ƙara ɓata nama. A dai hana majinyaci kwanciya a kansa.

Babban magani shi ne juyi. A juya majinyaci kowace awa 2, dare da rana: dama, baya, hagu. Aikin ya fi ƙarfin mutum guda, kuma sau da yawa mace guda ake bar ma shi. Ya kamata mutanen gida su raba shi. Tabarma kaɗai ta yi tauri, a shimfiɗa katifa ko zannuwa masu laushi. A sa tsumma mai taushi tsakanin gwiwoyi, a tokare ƙwabri don diddige ya bar ƙasa. In ya yi fitsari ko zawo, a wanke shi nan da nan, a tsane jikin, a sake shimfiɗa. A ba shi ruwa da yawa, da wake, gyaɗa, nono, ƙwai ko nama.

In fata ta buɗe, a tafasa ruwa lita 1 da gishiri ƙaramin cokali 2, a bari ya huce. A wanke hannu da sabuni, a wanke mikin, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa toka, ƙasa ko kashin shanu, suna kawo ciwon tetanos.

In mikin ya yi zurfi, ko baƙi, ko yana wari da mugunya, ko jikin majinyaci ya yi zafi, a kai shi likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa.