Ƙauri Daga Piriz: A Kashe Wuta Daga Kwanter

Wutar lantarki ta shiga gidaje da yawa a Illela da Birnin Ƙonni da Malbaza. Kamfanin NIGELEC ne ke raba ta. A shekarar 2018 an buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza. Wannan ci gaba ne. Amma wutar da ke shigowa gida ƙarfinta volt 220 ne. Tana iya kashe mutum, tana iya ƙone gida. Darasinmu na yau a kan piriz ne, wato soket, wurin da ake cusa kan wayar fanka ko ta rediyo a jikin bango.

Me ke kawo ƙauri?

Piriz mai lafiya ba ya wari, ba ya zafi. Idan kuka ji ƙauri kamar na roba, to robar da ta rufe waya ce ke narkewa. Abubuwa uku suka fi jawo haka.

Na ɗaya, sakin waya. Idan ƙusar da ta riƙe waya ta saki, wuta tana tsallake giɓin, tana tartsatsi, wurin ya ɗauki zafi.

Na biyu, yawan kaya. Piriz mai kyau yana ɗaukar wajen wat 3500. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1000 ko fiye. Idan aka haɗa shi da abin dafa ruwa da firiji a wuri guda, kaya sun yi yawa.

Na uku, waya mai araha. Tagullar cikinta siririya ce, ba ta jure kaya masu nauyi.

Abin da za a yi

1. A je wurin kwanter a kashe babban makunni. Kashe fanka ko rediyo kawai bai isa ba, domin wuta tana nan a cikin piriz.
2. Sai bayan haka a zare wayoyin, da busasshen hannu.
3. A janye katifa, tabarma, tufafi da kwalbar fetur daga wurin.
4. A fitar da yara, a buɗe taga. Hayaƙin roba guba ne ga huhu.
5. A kira mai gyaran lantarki wanda ya san aikinsa. Kada a mai da wuta sai ya buɗe piriz ɗin ya sauya abin da ya ƙone. Ko da ƙaurin ya wuce, ɓarnar tana nan a ciki.

Idan wuta ta kama

Kada a zuba ruwa muddin ba a kashe makunni ba. Ruwa yana ɗauko lantarki ya kai shi jikin mai zubawa. A watsa busasshen yashi. Idan wuta ta fi ƙarfinku, kowa ya fita, a yi kururuwa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Idan lantarki ya kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture wayar da busasshiyar sanda. Wurin da ya ƙone a zuba masa ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20. Kada a shafa mai ko toka. A kai shi gidan likita, ko da ya ce ya warke.

Gargaɗi ga manoma

Lokacin hunturu kara da ciyawa sun bushe, iska tana kaɗawa. Tartsatsi guda yana iya cinye rumbun hatsi ko rudun albasa, wahalar shekara ta tafi a dare ɗaya. Kada a bi da waya ta kan danga ko rufin ciyawa. Kuma idan an ɗauke wuta, a zare dutsen guga nan take, domin tana iya dawowa kowa yana barci.

Maigida da uwargida da manyan yara, kowa ya san inda babban makunni yake. Yau ɗin nan a nuna musu.

Tambayoyi

1. Me za a fara yi idan an ji ƙauri daga piriz?
2. Don me ba a zuba wa wutar lantarki ruwa?
3. Kaya nawa ke haɗe da piriz guda a gidanku? Ku ƙidaya, ku rubuta sunayensu.