Hayaƙin gona da ɗumamar duniya

Ƴan'uwa, duk manomi ya lura zafi ya ƙaru. Damana ma ba ta da tabbas kamar da. Wata shekara ruwa ya makara, wata shekara ya zo da ƙarfi har Gulbin Maraɗi ya cinye gonaki. Masana sun ce ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɗumamar duniya.

Mene ne ke ɗumama duniya? Akwai wasu iskoki da ke tashi sama su taru. Suna barin hasken rana ya shigo, amma suna tare zafi, su hana shi fita. Kamar bargo suke. Bargo ɗaya daɗi gare shi lokacin ɗari. In aka lafta maka uku a watan bazara fa?

Mafi yawan iskokin nan daga masana'antu da motocin manyan ƙasashe suke fitowa, irin su Sin da Amurka. Kason Nijar kaɗan ne ƙwarai. Amma gona ma tana fitar da nata, iri uku.

Na farko sunansa karbon. Yana fita in an ƙone kara da ciyawa, ko an sare icce an ƙone. Na biyu sunansa metan. Yana fita daga gyatsar shanu da tumaki da awaki, da tulin taki mai danshi da iska ba ta shiga. Na uku daga takin zamani yake, musamman ure. In aka zuba fiye da abin da shuka za ta ci, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf, wani kashi sai ya zama iska ya tashi. Wannan ya fi karbon riƙe zafi kusan sau 300.

To, ku lura da abu guda. Duk abin da ya tashi sama daga gona, gonar ce ta yi asararsa. Karan da aka ƙone abincin ƙasa ne. Takin da ya bi iska kuɗinka ne. Ke nan wanda ya rage hayaƙi, kansa ya fara taimako. Ga hanyoyi huɗu.

1. Mu bar ƙona gona. Gaskiya ne kara kuɗi ne, ana ba bisashe, ana yin darni. Amma a bar wani kashi kwance a gona. Zai tare rairayin da iska ke kwashewa, gara kuma ta mayar da shi taki.

2. Mu yi sassaben zamani. Wannan dabara a nan jihar Maraɗi ta samo asali. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan gonakinmu ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Maimakon a sassabe tohon duka, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu zuwa biyar, a datse saura, a kiyaye su. Bayan yunwar 1984 manoma da yawa suka kama. Daga baya masu bincike suka gano itatuwa kamar miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 a Nijar. Icce yana shan karbon daga iska, ya adana shi a jikinsa da saiwarsa. Dubi gawo: da damana yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta ba manomi haƙƙi kan iccen da ya raina a gonarsa.

3. Mu sa takin zamani da awo. Masu binciken noma na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun gwada dabarar sa taki kaɗan a ramin shuka. Cikin marfin kwalbar lemo guda, wato kamar giram 6 na 15-15-15, ya isa rami ɗaya. Wannan ya dace da gonakin tudu irin na Tsibiri. Masu noman rani a Jiratawa kuwa, su raba ure kashi biyu ko uku, su rufe shi da ƙasa, kada su cika fangali da ruwa bayan sun zuba.

4. Mu gyara takin gida. A haɗa kashin bisashe da ganye da toka, a yayyafa ruwa kaɗan, a riƙa juyawa don iska ta shiga. In ya ruɓe a kai gona. A kuma shuka wake ko gujiya cikin hatsi, don saiwarsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Babu ɗaya cikin hanyoyin nan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Da sanyin safiya ake kama fara: kowa ya zaɓi guda ya fara da ita a sassaben bana.

Tambayoyi

1. Faɗi iskoki uku da ke fita daga gona.
2. Yaya ake sassaben zamani?
3. Me ya sa gawo ba ya cutar hatsi?
4. Rubuta sunan itatuwa biyar da ke gonarka.