Darasi: Makarantar Firamaren Garinku, Wa Ke Riƙe da Ita, Kuma Ina Kuɗinta Ke Fitowa?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani gida da 'ya'yanmu ke shafe rabin yini a cikinsa, amma da yawanmu ba mu san masu riƙe da shi ba, wato makarantar firamare ta gwamnati. Ko a Funtua kike, ko Bakori, ko Ɗanja, ko Ƙafur, ko Malumfashi, kin saba jin yaro ya dawo ya ce, "Inna, yau ba a yi mana karatu ba," ko kuma, "Iska ta yaye rufin ajinmu." Sai ki ce, "Gwamnati ba ta kyauta ba," magana ta ƙare a tsakar gida. To amma wace gwamnatin? Ta Abuja, ko ta Katsina, ko ta sakatariyar ƙaramar hukuma? Wadda ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, ai ko ta yi kuka babu mai jin ta. Saboda haka ki gyara zama mu bi abin daki-daki.

Abin da doka ta ce

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a shekarar 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas ne a kan kowane yaro, mace da namiji: shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare. Littattafai da ajujuwa da kujerun zama duk suna cikin abin da dokar ta ce a bayar kyauta.

Dokar ta ɗora nauyi a kan ɓangare biyu. Uba ko uwar da suka ƙi sa ɗansu makaranta, karo na farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1. Haka kuma wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun iyaye a wannan mataki, ana iya cin sa tarar da ta kai Naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Kin ga ke nan idan iyaye suka zauna suka yarda da kansu za su yi karo-karo don gyaran famfo, wannan taimakon kai ne. Amma a koro yarinya gida don ba ta kawo kuɗi ba, wannan doka ba ta san shi ba.

Masu riƙe da makaranta

Ki ɗauki abin kamar bene mai hawa huɗu.

Hawa na sama shi ne hukumar UBEC da ke Abuja. Ita ke tsara ƙa'idoji, ita ke raba tallafin Gwamnatin Tarayya ga jihohi. Ba ta ɗaukar malamin garinku, ba ta kuma sauya masa wurin aiki.

Hawa na biyu shi ne hukumar SUBEB ta Jihar Katsina. Nan ake ba da kwangilar gina ajujuwa, nan ake tsara ɗaukar malamai da horar da su da ƙarin girmansu, daga nan ake rarraba littattafai da kujeru zuwa ƙananan hukumomi 34 na jihar.

Hawa na uku shi ne Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma, wadda ake kira L.G.E.A. Dattawanmu har yanzu suna cewa "makarantar Eli'e", daga tsohon sunan hukumar suka samo shi. Kowace ƙaramar hukuma tana da tata: Funtua da tata, Malumfashi da tata, haka Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa. Shugaban wannan ofishi shi ne Sakataren Ilimi, wanda malamai ke kira E.S. A ƙarƙashinsa akwai jami'an da ke zagayawa duba makarantu. Shi ne ya san makarantar da ke da malamai sun yi yawa a cikin gari, da wadda ke ƙauye tana fama da malami ɗaya ko biyu.

Hawa na ƙasa, wanda ya fi kusa da ke, shi ne hedimasta da malamansa, sai kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC. Za mu dawo kan wannan kwamiti, domin kuwa a nan kujerarki take.

Ina kuɗin ke fitowa?

Kuɗin makaranta ba daga aljihu ɗaya yake fitowa ba, shi ya sa za ki ga an yi sabon gini mai fenti amma babu malamin da zai shiga ciki.

Na farko, albashin malamai. Tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Shekaru da dama abin da aka saba shi ne, kason ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ya faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a cire albashin malaman firamare daga ciki kafin a raba sauran. Wannan tsari yana da tarihi. A 1991 an taɓa miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar firamare kacokan, sai albashi ya riƙa maƙalewa, malamai suka yi ta yajin aiki, har a 1993 aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta NUT, da ta tuna abin da ya faru a baya, ta nemi a tabbatar albashin malamai ne farkon abin da za a fitar. Darasin da ke nan, 'yar'uwa, shi ne zaɓen ciyaman da kansila ba abin wasa ba ne, yana taɓa allon da ke gaban ɗanki.

Na biyu, kuɗin gini da kayan aiki. Dokar 2004 ta ce a ware wa ilimin bai-ɗaya abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Rabin wannan kuɗi tallafi ne mai sharaɗi: sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin a sakar mata. Idan jiha ta yi jinkirin ajiye nata, kuɗin na nan kwance a Abuja, yara kuwa na zaune a ƙasa. An sha ganin haka a jihohi da dama na ƙasar nan.

Na uku, tallafin ƙungiyoyin waje. Tun 2004 Katsina na cikin jihohin da aka yi shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya, har zangonsa na uku ya kammala a 2022. A ƙarƙashinsa an ba kwamitocin makarantu tallafi kai tsaye, an kuma ɗauki nauyin 'yan matan karkara su yi NCE su dawo su koyar a garuruwansu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na dala miliyan 500 don 'yan matan sakandare, Katsina na cikin jihohi 7 na farko, kuma kuɗin gyaran makarantu ta hannun kwamitocin SBMC aka tsara su bi. Sai dai ki sani, irin wannan tallafi baƙo ne, yana da ranar tafiya.

Na huɗu shi ne na al'umma: bulo da yashi da ƙwadago da karo-karon P.T.A. Shi ne mafi ƙanƙanta, amma shi ke toshe ƙofar da ɓarna ke fara shigowa.

Kujerarki a kwamitin SBMC

Tun wajen 2006 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta kafa wannan kwamiti. Ya bambanta da P.T.A. da muka sani, domin shi na gari ne duka. A cikinsa akwai hedimasta da wakilin malamai, wakilin mai unguwa ko dagaci, malamin addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, wakilan iyaye, yaro da yarinya daga cikin 'yan makaranta, da kuma wakilcin mata. Ƙa'ida ce ta ba mata wannan kujera, ba alfarma ake yi musu ba. A makarantu da yawa kuma an kafa Ƙungiyar Iyaye Mata, wadda ke zama ita kaɗai ta tattara koke, sannan wakiliyarta ta kai gaban kwamiti. Wannan ya dace da wadda ba ta son shiga taron maza.

Aikin kwamiti shi ne ya tsara abin da makaranta ta fi buƙata a shekara, ya sa ido kan zuwan malamai da yara, ya kula da duk kuɗin da ya shigo, ya kuma kai kuka gaba a rubuce. Abin takaici, a wasu wurare sunan mace na nan a takarda, amma ba a taɓa aiko mata da sanarwar taro ba, sai ranar da ake neman sa hannu. Idan ke ce aka rubuta, kada ki dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta miki ba. Amana ce, kuma za a tambaye ki.

Kowace matsala da ƙofarta

Idan malami ne ba ya zuwa, a fara da hedimasta. In abin bai gyaru ba, kwamiti ya rubuta wa E.S., a ajiye kwafi.

Idan malamai ne suka yi kaɗan, wannan na ofishin E.S. ne, shi kuma ya nemi ƙari daga SUBEB. A rubuta yawan yara da yawan malamai da ke akwai, domin lissafi ya fi kuka tasiri a ofis.

Idan rufi ne ya yaye ko katanga ta faɗi, ƙaramin gyara kwamiti da al'umma su yi gaggawar yi kafin damina ta cinye ginin. Babban gyara da sabon aji kuwa sai a nemi a sa makarantar cikin tsarin ayyukan SUBEB ta hannun E.S., a kuma sanar da kansila da ɗan majalisar jiha.

Idan ɗan kwangila ne ya yi aikin ha'inci, kwamiti na da bakin magana tun aikin na gudana. Bayan an biya shi ya tafi, sai dai haƙuri.

Abin da ya shafi yankinmu

Mu nan ƙasar noma ce. Masara da dawa da waken suya da auduga su ne rufin asirinmu, ga rake da tumatir a ƙasar Ɗanja. Da damina ana ɗebe yara maza zuwa gona, da kaka kuma 'yan mata ne ke tsintar wake da cirar auduga, ranar kasuwa kuwa talla ta kwashe rabin aji. Babu jami'in Abuja da zai iya gyara wannan. Mata ne suka san gidan da yarinya ta daina fita, su ne kuma ke iya shiga har uwar ɗaka su ji dalili. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: rashin banɗaki na 'yan mata, ko yunifom da ya yage, ko tsoron hanya.

Batun tsoro kuwa ba a wasa da shi. Ba mu manta da daren 11 ga Disambar 2020 ba, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Don haka katanga da maigadi, da sanin wanda za a kira idan an ga baƙuwar fuska, duk suna cikin abin da kwamiti zai tattauna tare da mai unguwa.

Yadda za ki gane shugabanci nagari

Hedimasta nagari ba ya jin haushin tambaya. Idan kun je a ƙungiyance, bayan gaisuwa sai babbarku ta ce, "Malam, mun zo ne mu ji yadda za mu taimaka. Yara nawa ke cikin rajista, nawa ke zuwa kullum? Malamai nawa aka turo muku? Wane kuɗi ya shigo bana, me aka yi da shi?" Mai gaskiya zai ɗauko littafi da rasit ya nuna muku, wataƙila ma ya gode, domin shi ma ya daɗe yana neman masu tsaya masa. Kuma ku yi masa adalci. Wanda aka ba yara cike da aji babu alli babu littafi, ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Amma babban ma'auni yana cikin ɗakinki. Ki rubuta gajeriyar jimla da Hausa, ko ki sa a rubuta miki, ki miƙa wa yaronki ɗan aji uku ko huɗu ya karanta. Idan ya kasa, kada ki doke shi. Ki kai maganar taron iyaye mata, za ki tarar ba ke kaɗai ba ce, daga nan sai a kai ta gaban kwamiti.

Kada kuma ki bar maigida a baya. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, "Malam, ana taron makarantar su Binta ranar Asabar, ko za ka leƙa, ko ka yardar mini in je tare da matan unguwa?" Gidan da uba da uwa suka haɗa baki a kan karatu, da wuya a cire yarinya daga aji biyar.

Aikin gida

Kafin zamanku na gaba, kowace ta nemo amsar waɗannan:

1. Wane ne shugaban kwamitin SBMC na makarantar 'ya'yanki, kuma wace ce wakiliyar mata?
2. Yaushe kwamitin ya yi zamansa na ƙarshe?
3. 'Yan mata nawa ne a layinku suka isa shiga makaranta amma suna gida, kuma me ya hana su?
4. A ina ofishin E.S. na ƙaramar hukumarku yake?

Idan kun tarar babu kwamiti, ko akwai shi amma ya yi barci, ku wakilta dattijai biyu daga cikinku su sami mai unguwa da hedimasta a farfaɗo da shi kafin zangon karatu mai zuwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Wassalamu alaikum.