Kafin a ɗora wa tsohuwar mota sabon inji: shawarwari ga magidanta

A Amurka, tun shekarun 1930 samarin Kalifoniya ke cusa wa tsofaffin motocin Ford manyan injina don tsere. Mu a ƙasar Kazaure neman abinci ne ke sa a canza inji. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motocin Fijo a 1975, kuma har gobe za ka ga akori-kurar 504 tana jigilar gero da awaki a hanyoyin ƙauyuka. Ƙarfenta na nan daram, injin ne ya tsufa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, inji mai zuƙar fetur ya koma cin rabon iyali. Ina goyon bayan a canza shi, amma da sharaɗin a gyara duk abin da ke kewaye da shi.

1. Fara da leƙa ƙarƙashin motar. In tsatsa ta ci shasi, ko an sha yi masa walda a mazaunin inji, ka haƙura da aikin.

2. Zaɓi injin da ya dace da shimfiɗar motarka. Fijo 504 da tayoyin baya take ja, injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya. Golf kuwa da tayoyin gaba take ja, injinta a gicciye. Don haka mai 504 ya nemi injin mota mai jan baya, irin su Toyota Hilux ko Hiace. Akwai wani abin da ake mantawa: injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata gefe guda. In aka kawo wanda ke zaune cak, yana iya tokare bonet, ko kaskon baƙin mai ya sauko ƙasa sosai. A hanyoyin Roni da Gwiwa masu duwatsu, dutse ɗaya ya isa ya fasa kaskon, man ya tsiyaye direba bai sani ba. A sa awo tun kafin a biya kuɗi.

3. Kada ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kai kaɗai. Tafi da bakaniken da zai ɗora injin, domin shi zai amsa tambaya in an samu matsala. Injin Beljiyam mai injekta ba ya aiki sai da ƙwaƙwalwarsa, wadda ake kira birenbos, da wayoyinsa, wani ma har da makullinsa na asali. Sayi komai a haɗe, da giyabos in hali ya yi. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa: in ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa na shiga mai, ka ajiye shi. Sa a juya injin da sifana a ji ko yana tafiya sumul. Sannan a rubuta lambar injin a rasit, tare da kwanakin da aka yarda za ka iya mayar da shi.

4. Famfon man kafireta ba zai iya ciyar da injekta ba, sai an sa na lantarki mai ƙarfi. A sauke tanki a wanke, a sa sabuwar matatar mai. Injekta ba ta jure datti, saboda haka a rage sayen man galan na bakin titi.

5. Lagireto ya zama daidai da sabon injin. A watan Afrilu zafinmu kan wuce digiri 40, ga yashin Babura da ke sa mota nishi a ƙaramar giya. Wasu bakanikai kan cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Kada ka yarda. Injin zamani in bai kai zafin da aka tsara masa ba, ƙwaƙwalwar za ta yi ta ƙara masa fetur, sauƙin man da ka je nema ya tafi a banza. A zuba ruwan lagireto na kanti, domin ruwan rijiya yana toshe shi.

6. Birki. Wannan ya fi damuna, don nan ake yawan yin rowa. An ƙara wa mota gudu, an bar ta da tsohon birki da tayoyin da suka suɗe, kuma a cikinta ake kai yara makaranta da mata unguwa. A sabunta takalman birki da bututunsa da shokozoba kafin motar ta hau titin Kano zuwa Daura.

7. Lambar inji tana cikin takardun mota. Je ofishin lasisin motoci a gyara ta, ka riƙe rasit a cikin motar. Babura kusa take da iyakar Nijar, ba a rasa shingen jami'ai, kuma ba ka son a tsare ka da zargin injin sata.

8. Zauna da uwargida ku yi lissafi, kada a taɓa kuɗin taki ko na makaranta. Bayan kuɗin inji akwai na mai walda, na mai wayarin, na farfela da salansa da za a yanke a daidaita. Tsohon injin kuma a bar shi a gida tukuna, kada a sayar wa 'yan gwangwan sai sabon ya yi wata biyu yana ɗaukar kaya lafiya.