Maƙasudi da Manufa

Sau da yawa mukan gama kalmomin nan biyu kamar ma'anarsu ɗaya ce, alhali kuwa akwai bambanci, wanda ya wajaba malami ya sani tun bai tsaya gaban aji ba. Maƙasudi shi ne dalilin da ya sa aka tsiri aiki tun asali. Manufa kuwa zango ce da aka yanke za a kai cikin lokaci sananne, yadda kowa zai iya dubawa ya ce an kai, ko ba a kai ba.

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Birnin Gwari. Cikin 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e. Maƙasudin shi ne kada doka da maje da kawo su ƙare, kada ƙasa ta zaizaye, jikoki su tarar da abin da kakanni suka tarar. Wannan ba shi da ranar gamawa. Amma malamin daji tilas ya rarraba aikin: bana a share iyaka daga wuri kaza zuwa wuri kaza, a kuma sa wuta da wuri, tun ciyawa ba ta bushe sarai ba, don kada gobarar rani ta cinye ƙananan itatuwa. Waɗannan su ne manufofi, gama ana iya auna su.

To, ga inda haɗari yake. Ana iya cika manufa a takarda, maƙasudi ya kuɓuce. Cikin 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka gandun nan, ya shiga cikin manyan gandayen ƙasa. Duk da haka, bayan 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka mai da shi maɓoya, har manoma da yawa suka bar gonakinsu. Suna da iyaka ba su gushe ba, amma amfanin da aka nufi jama'a da shi ya raunana.

Haka aikinmu yake. Manufarmu ta yau ita ce yaro ya rarrabe "baki" da "baƙi" kafin a kaɗa ƙararrawa. Maƙasudi kuwa shi ne in ya girma ya karanta wasiƙarsa da rasidin harajinsa da kansa, kada wani ya cuce shi. In ya haddace allo duka, amma ya kāsa karanta rasidi, mun share iyaka ne kawai, daji ya ƙone.

Saboda haka, duk sa'ad da za mu rubuta shirin darasi, mu fara tambayar kanmu, "Don me?" sa'an nan mu ce, "Ina za mu kai yau?" Allah ya sa mu dace, amin.